Darasi na Tara: Takamaiman Bayani da Yadda Yake Sa a Yarda da Labari

Manufofin darasi

Idan kun kammala wannan darasi, ana so kowannenku ya iya:

1. bambanta dunƙulallen bayani da takamaiman bayani;
2. faɗin dalilin da ya sa mutane suka fi yarda da labarin da aka ambaci wuri da lokaci da adadi a cikinsa;
3. gane bayanin da za a iya bin sawunsa, da wanda aka sa don ado ko yaudara;
4. kai rahoto ga bulama ko hakimi ko hukuma ta yadda za a san abin yi.

1. Mutum biyu a ƙofar bulama

Ba sai mutum ya iya rubutu ne yake zama mai ba da labari ba. Wanda ya kai ƙara gaban alƙali labari yake bayarwa. Haka matar da ke gaya wa likita yadda zazzaɓin ɗanta ya fara, haka mai tallan kifi, haka wanda ya je ƙofar hakimi neman agaji. Dukansu so suke a yarda da su, kuma a yi wani abu a kan abin da suka faɗa.

A ƙasar Haɗeja wannan ya fi tsanani a watan Agusta da Satumba, lokacin da kogi ke cika. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 sun san yadda matasa suka riƙa kwana suna cika buhuna suna ɗaga jinga. A irin wannan lokaci, yadda mutum ya kai labari shi ke sa a tashi nan take ko a ce sai da safe.

*Misali na 1.* A ce manoma biyu daga ƙauye ɗaya sun zo wurin bulama da sassafe.

Na farko ya ce: "Ranka ya daɗe, ruwa ya yi mana ɓarna ƙwarai. Gonaki duk sun tafi, jama'a suna cikin wani hali."

Na biyu ya ce: "Ranka ya daɗe, jiya bayan sallar isha'i jingar da ke gabas da maƙabarta ta ɓalle, faɗin wurin ya kai taku goma. Kafin asuba ruwa ya rufe gonakin shinkafa 14, har da tawa, shinkafar kuma ta fara fitar da kai. Yanzu ruwa ya kai gwiwa a ƙofar makarantar firamare. In aka samu buhu 200 yau, za a iya toshe wurin."

Dukansu gaskiya suka faɗa, wataƙila ma na farkon ya fi shiga damuwa. Amma abin da bulama zai iya yi da maganarsa bai wuce jaje ba. Maganar na biyu kuwa ta gaya masa inda zai tura matasa, da abin da za su riƙe, da abin da shi kansa zai faɗa wa hakimi a waya.

> AKWATIN MA'ANA
> Dunƙulallen bayani: magana a jimlace wadda ba ta nuna wuri ko lokaci ko yawa ba, kamar "da yawa", "kwanakin baya", "wani gari".
> Takamaiman bayani: magana mai nuna wane ne, a ina, yaushe, nawa, da kuma yaya.

2. Me ya sa kunne yake karɓarsa?

Dalili na farko kun riga kun san shi, don Bahaushe ya daɗe da raba ganau da jiyau. Idan mutum ya ce ruwa ya kai gwiwa a ƙofar makaranta, mai sauraro yana ɗauka cewa ya tsaya a wurin ne ya gani. Wanda ya ji a bakin wani ba kasafai yake zuwa da irin wannan ba.

Na biyu, mai takamaiman bayani ya ba da ƙofar da za a kama shi in ƙarya yake yi. Wanda ya ce gonaki 14 ya san ana iya zuwa a ƙirga. Mutane suna jin haka a ransu ko da ba su faɗa ba, sai su ce, "Da ba shi da gaskiya ai ba zai ambaci wurin ba."

Na uku, zuciya ba ta iya ganin "ɓarna", amma tana ganin shinkafar da ta fitar da kai ruwa ya shanye ta. Abin da zuciya ta gani shi ke taɓa ta, kuma shi take riƙewa.

Masu bincike sun gwada wannan. A 1989 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Brad Bell da Elizabeth Loftus, sun buga sakamakon wani gwaji. Sun ba mutane bayanin wata shari'a ta fashi a kanti su karanta su yanke hukunci. A takardar wasu, mai shaida ya ce "wasu 'yan kayayyaki" kawai, a dunƙule. A takardar wasu kuma, mai shaidar ya ambaci kayan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Masu karatun sun fi yarda da wanda ya jera sunayen kaya, alhali sunan kaya ba ya nuna fuskar wanda ya yi laifin. A 2007 kuma wasu masana uku, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, sun nemi mutane su ba da taimako ga masu fama da yunwa a Afirka. Waɗanda aka nuna wa hoto da labarin yarinya ɗaya 'yar shekara 7 daga Mali sun fi buɗe hannu a kan waɗanda aka karanta wa alƙaluman miliyoyin mutane.

Ku lura da kyau: babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan da ya nuna cewa mai takamaiman bayani ya fi gaskiya. Abin da suka nuna shi ne an fi yarda da shi. Sauran darasin nan duk a kan wannan bambanci yake.

> AKWATIN MA'ANA
> Gaskatawa: mai sauraro ya yarda cewa abin da aka faɗa ya faru.
> Gamsarwa: mai magana ya sa mai sauraro ya sauya ra'ayi ko ya tashi ya yi wani abu.

3. Tatsuniya, ƙagaggen labari da tarihi

Mai tatsuniya ba ta neman a gaskata ta. Shi ya sa take cewa "wani sarki" a "wani gari", ba ta faɗin shekara, kuma ko yaro ya san Gizo da Ƙoƙi ba su da unguwa. Marubucin ƙagaggen labari kuwa yakan ari sunayen gaske don mai karatu ya saki jiki. Littafin *Ganɗoki* na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya fara ne da garuruwan da aka sani da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, sannan ya wuce da mai karatu ƙasar aljanu. Wannan ba yaudara ba ce, tunda an san ƙagagge ne.

Tarihi shi ne wanda ba ya tsayuwa sai da takamaiman bayani.

*Misali na 2.* Ku kwatanta waɗannan biyu:

(a) "A zamanin da, Turawa sun zo sun ci Haɗeja."

(b) "A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka yaƙi Haɗeja, Sarki Muhammadu ya rasu a yaƙin tare da jarumansa da yawa, shi ya sa ake kiransa Mai Shahada."

Jimla ta biyu ta ba mu abin da za mu auna da shi. Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa a 1903, ke nan yaƙin Haɗeja ya zo shekara 3 bayan nan. Wanda ya ji jimla ta farko kaɗai ba zai taɓa sanin haka ba. Zai ɗauka duk rana ɗaya aka yi komai.

4. Maƙaryaci ma ya san wannan

Tunda takamaiman bayani yana sa a yarda, mai shirya ƙarya ba ya zuwa hannu rabbana. Yakan tanadi lokaci da wuri da adadi tun kafin a tambaye shi.

Ku tuna ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. 'Yan'uwansa ba su tsaya a cewa ya ɓata ba. Sun zo da dare suna kuka, suka ce tsere suka tafi yi, suka bar shi wurin kayansu, kyarkeci ya cinye shi, suka kuma kawo rigarsa da jini a jiki. Labarin ya cika ta ko'ina, amma mahaifinsu bai karɓa ba. Malaman tafsiri sun ce ya duba rigar ne ya ga ba ta yage ba. A gaba cikin ƙissar, riga ce kuma ta wanke shi daga ƙazafi, saboda ta baya ta yage. A wuraren biyu an duba abin da aka kawo, ba a tsaya a daɗin labarin ba.

A zamaninmu, da yawa cikinku za su tuna watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola. Cikin dare saƙo ya bazu a wayoyi, daga Kudu har Arewa, cewa kowa ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ya kuma sha, kafin gari ya waye. Saƙon ya faɗi abin da za a haɗa, ya faɗi lokaci, ga shi kuma daga 'yan'uwa yake zuwa. Mutane suka tashi 'ya'yansu daga barci suka bi. Gishiri ba ya maganin Ebola. An kwantar da mutane a asibiti saboda shan sa, wasu ma sun rasu, alhali cutar kanta a Legas da Fatakwal ta tsaya, ba ta iso Jigawa ba.

*Misali na 3.* Ga wani saƙo da aka tsara don wannan darasi, irin waɗanda kan zagaya a WhatsApp da damina:

"Sanarwar gaggawa! Kamaru ta buɗe madatsar ruwa ta Lagdo da ƙarfe 2 na dare. Ruwan zai iso Haɗeja ranar Alhamis, tsayinsa mita 3. Ku tura wa 'yan'uwa."

Akwai suna, akwai lokaci, akwai rana, akwai adadi. Lagdo kuma madatsa ce ta gaske, kusa da Garwa, kuma an sha sakin ruwanta, kamar a 2012 da 2022. To amma mu bi ruwan. Lagdo a kan Kogin Binuwai take. Binuwai yana bi ta Yola da Makurɗi ya haɗu da Kogin Kwara a Lokoja, daga nan sai teku. Kogin Haɗeja kuwa daga ƙasar Kano yake tasowa. Kogin Kano, wanda aka datse a Tiga a 1974, da Kogin Challawa, wanda aka datse a 1992, su ne suke haɗuwa su bi ta Wudil da Ringim su iso mana, su wuce su haɗu da Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Babu inda ruwan Lagdo yake shiga wannan hanya. Sunan da ya sa saƙon ya yi kama da gaskiya, shi ne kuma ya tona shi.

Kada ku ɗauka wannan yana nufin babu haɗari. Saƙo yana iya zama ƙarya, ambaliya kuma ta zo ta wata hanyar. Idan aka ce muku ruwa ya ƙaru a gadar Wudil tun jiya, wannan magana ce a kan koginmu, kuma kiran waya ɗaya zuwa ga direba ko ɗan'uwa a Wudil ko Ringim ya isa ya tabbatar ko ya ƙaryata.

> AKWATIN MA'ANA
> Bayanin da ake iya bin sawunsa: wanda za a iya zuwa a gani, ko a ƙirga, ko a tambayi wani daban a kansa.
> Bayanin ado: wanda ke ƙawata labari ya sa ya yi kama da gaskiya, amma ba ya tabbatar da komai.
> Jita-jita: labarin da ke yawo ba a san wanda ya fara faɗinsa ba.

5. Tambayoyin da mai sauraro zai yi

Malaman hadisi, irin su Imam Bukhari da Imam Muslim, ba su karɓi magana don ta yi daɗin ji ba. Sun nemi isnadi: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa, har zuwa tushe. Sun bincika ko kowane mai ruwaya mai gaskiya ne, ko haddarsa tana da ƙarfi, ko ma ya yi zamani da wanda ya ce ya ji a wurinsa. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ma umarni ce da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci wasu cikin rashin sani. Wannan tarbiyya tamu ce, kuma tana aiki a kan saƙon waya kamar yadda ta yi aiki a kan ruwaya.

Idan labari ya zo muku cike da bayani, ku tambaya: Wanda ya faɗa, gani ya yi ko ji? In ji ya yi, a wurin wa? Cikin bayanan nan, wanne zan iya bi yau? Wanne ne ya taɓa ainihin maganar? Sannan me mai labarin zai samu in na yarda?

*Misali na 4.* A kasuwar kifi ta Haɗeja mai sayarwa ya ce, "Alhaji, wannan tarwaɗa jiya da la'asar aka sauke ta daga banda, wani tsohon masunci mai jar hula ne ya kawo ta." Jar hula ado ce. Abin da za ka iya bi yana gabanka: ka buɗe kwalin har ƙasa, ka karya ɗaya, ka duba ko ta bushe har ciki, ko akwai ƙwaro.

6. In kai ne mai ba da labarin

Ba yawan bayani ake so ba. Wanda ya je gaban alƙali kan iyakar gona ya fara da abin da ya karya kumallo da shi da wanda ya gamu da shi a hanya, zai gajiyar da kotu kafin ya iso kan magana. A zaɓi bayanin da ya taɓa abin da ake jayayya a kai.

*Misali na 5.* Shaidu biyu kan wata gona a fadama. Ɗaya ya ce, "Allah ya gafarta Malam, gonar tasu ce tun kaka da kakanni." Ɗayan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, iyakar ita ce tsamiyar da ke bakin hanyar shanu. Na yi wa mahaifinsu aiki a gonar shekarar da aka ba mu jihar Jigawa, kuma tsamiyar tana nan har yau."

Shaida na biyu bai riƙe kwanan wata ba, amma ya ɗaure maganarsa da abin da kowa ya sani, domin a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Wannan dabara ce mai kyau ga duk wanda bai saba da kalanda ba. Kuna iya cewa shekarar da aka naɗa Mai Martaba Sarkin Haɗeja Alhaji Adamu Abubakar Maje, watau 2002, ko daminar babbar ambaliyar 2022, ko makon Babbar Sallah. Mai rubutawa zai mayar da shi lamba.

Abin da nake so ku fi riƙewa a wannan sashe shi ne kada ku ƙirƙiro adadi don magana ta yi nauyi. Jarabar tana da ƙarfi, musamman wajen rubuta sunayen waɗanda ambaliya ta shafa: mai gona ɗaya ya ce uku, mai asarar buhu 10 ya ce 30, yana ganin ai ba wanda ya cuta. Ya cuci maƙwabcinsa da ya faɗi gaskiya, don da adadin ake raba abin da ya samu. Ranar da jami'i ya zo ya ƙirga ya ga saɓani kuwa, ba adadin mutum ɗaya kaɗai zai yi shakka ba, takardar ƙauyen gaba ɗaya ce za ta rasa daraja, har da ta baɗi. In ba ka ƙirga ba, ka ce "kimanin". In ba ka tuna ba, ka ce ba ka tuna ba. In a bakin wani ka ji, ka faɗi haka. Mai sauraro mai hankali ya fi amincewa da wanda ya nuna masa iyakar saninsa.

Akwai kuma bayanin da gaskiya ne amma ba wurinsa ba ne. Sunan mai wata cuta, ko na yarinyar da aka ci zarafinta, likita da alƙali ne suke da buƙatarsa. Majalisar ƙofar gida da zauren WhatsApp ba su da ita, ko da sunan zai sa labarin ya fi shiga.

> AKWATIN MA'ANA
> Ƙarin gishiri: ƙara wa labari abin da bai faru ba, ko kumbura adadi, don ya fi tasiri.
> Isnadi: jerin mutanen da labari ya biyo ta bakinsu har ya iso ga mai sauraro.

Tambayoyin bita

1. Mene ne bambancin dunƙulallen bayani da takamaiman bayani? Ka kawo misali ɗaya na kowanne daga sana'arka.
2. A Misali na 1, ka lissafa abubuwa huɗu da bulama ya sani daga manomi na biyu waɗanda bai samu daga na farko ba.
3. Me gwajin Bell da Loftus ya nuna, me kuma bai nuna ba?
4. Me ya sa mai tatsuniya ba ta ambatar shekara da sunan gari?
5. Ka bayyana hanyar da ruwa ke bi daga Tiga zuwa Haɗeja, sannan ka faɗi abin da ya sa saƙon Misali na 3 ba zai zama gaskiya ba.
6. A Misali na 4, wanne ne bayanin ado, wanne ne kuma mai saye zai iya bin sawunsa?
7. Ka mayar da wannan jimla takamaimiya, da abin da ka gani da idonka a yankinku: "Ciyawar kacalla ta toshe mana ruwa, tsuntsaye kuma sun cinye amfanin gona."
8. Ka ambaci abubuwa uku da kowa ya sani a garinku waɗanda za a iya ɗaure shekara da su.
9. Aikin rukuni: kowa ya buɗe wayarsa ya zaɓi saƙo ɗaya da aka turo masa a makon nan. Ku karanta wa juna, ku ware bayanan da za a iya bi, ku faɗi wanda za a kira ko inda za a je don a tabbatar.
10. Aikin gida: ka rubuta wa bulama ko mai unguwarku rahoto na layi 6 zuwa 8 a kan wata matsala ta gaske a unguwarku. Ka nuna wuri da lokaci da yawa da abin da kake roƙo, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ji ka yi ba gani ba.